Ku Fara da Ƙafar Baya: Lacca kan Gane Ɗan-tsallen Shinkafa

Assalamu alaikum. Ɗalibai, barkanku da zuwa. Kwalbar da ke zagayawa a hannunku ku riƙe ta da kyau, kada ku girgiza. Ƙwaron da ke ciki shi ne Nilaparvata lugens, ɗan-tsallen shinkafa mai launin ƙasa-ƙasa, wanda masanin ƙwari na ƙasar Suwidin, Carl Stål, ya fara siffantawa a 1854. Tsawonsa har da fukafukai milimita 4 zuwa 5 ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Amma idan suka yi dafifi a gindin shuka suna zuƙe ruwanta, sai ka ga gona ta bushe da'ira-da'ira kamar an cinna mata wuta.

Roƙona na farko, kada launi ya ruɗe ku. Wani ya yi duhu, wani ya yi haske, alhali jinsi ɗaya ne. Haka ma fukafukai: a gindi ɗaya za ka tarar da mai dogon fiffike, wanda ke tashi ya yi nisa, da mai guntu, wanda ke zaune yana ta zuba ƙwai a cikin kuben ganye. Ni kaina, lokacin da nake koyo, na taɓa raba su kwalba biyu, na rubuta musu suna daban-daban. Malamina bai ce min komai ba, ya dai juyo min ƙafar baya a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

To, ita ƙafar nan ce maganarmu ta yau. Ku dubi ƙarshen ƙwaurin. Akwai wata ƙaya babba mai faɗi kamar ɗan ganye, gefenta da ƙananan haƙora, kuma in ka taɓa ta da tsinin allura tana motsi. Duk ƙwaron da ke da ita ɗan dangin Delphacidae ne. Masu tsallen ganye, wato dangin Cicadellidae da ake yawan rikita su da waɗannan, ba su da ita. Su ƙayoyi ne jere a tsawon ƙwaurin kamar matsefi. Ku leƙa kai kuma: 'yan ƙahonnin da yake ji da su a ƙasan ido suke, gindinsu kumbure, ƙarshensu siririn gashi.

Zuwa nan, dangi kawai muka gano. Sai ku gangara zuwa gaɓar farko ta tafin ƙafar. In kun ga 'yan ƙayoyi ƙanana a gefenta, kun shiga gidan Nilaparvata, wato ƙaramin rukuninsa a cikin dangin. Sogatella furcifera, abokin zamansa a gonar shinkafa, ba shi da su, kuma yana da farin layi a gadon baya.

Daga nan aikin yake ƙara tsanani, domin a gidan akwai 'yan'uwa masu kama da juna sosai, irin su Nilaparvata bakeri da Nilaparvata muiri, waɗanda ciyawar fadama ce abincinsu. Ba a raba su sai da namiji. A yanke ƙarshen cikinsa, a jiƙa shi a sinadarin KOH, wato potassium hydroxide, har tsoka ta narke, sannan a duba siffar al'aurarsa a maikuroskof. Aiki ne mai cin rai, amma wallahi ranar da kuka fara ganin 'yan ƙugiyoyin al'aurar sun fito fes, gajiyar za ta wuce.

Saura ina aka kama shi. Mazaunin lugens shi ne kudanci da kudu maso gabashin Asiya, har tsibiran Fasifik da arewacin Ostireliya. Ba ya iya wuce hunturu a Japan da Koriya, amma duk shekara iskar damina tana kwaso masu dogon fiffike daga Cana ta tsallakar da su teku. Don haka in aka kawo muku wani daga masara a Afirka ko tsibiran Karibiyan, ku fara tunanin Peregrinus maidis, mai yaɗa cutar dabbare-dabbaren ganyen masara a ƙasashe masu zafi. Kwalbar da ba a rubuta mata wuri da rana da sunan shuka ba, rabin hujjarta ya tafi, kuma abin yana ci min rai ƙwarai.

Yanzu kowa ya ɗauki madubinsa. Na bayan can, ku matso kusa da taga, ƙayar ba ta fitowa a duhu.