Gwajin DNA ya fito maka da ɗan'uwa? Tsaya ka gane lambar nan tukuna

[Allon waya: jerin sunaye, kowane suna da lamba a gefensa]

Jama'a barkanmu. Kwanan nan tambaya ɗaya ce ake ta jefo min: na yi gwajin DNA, an fito min da wani mutum wai ɗan'uwana ne na kusa, ni kuma ko sunansa ban taɓa ji ba, to shi ɗin wane ne a wurina? Wasu har sun riga sun fara kiransa ɗan baffa, wasu kuma abin ya ɗaga musu hankali sun fara zargin mahaifinsu da ɓoye musu ɗa. Wannan na biyun shi ya fi damuna, don gida yana iya rikicewa a kan lambar da ba a fahimce ta ba.

[Hannu yana rufe ɗan bututu, ana saka shi a ambulan]

Gwajin kansa ba wani abu ba ne. Cikin kamfanonin da ke yin sa, AncestryDNA da 23andMe yawu suke karɓa, MyHeritage kuma ɗan tsinke mai auduga za ka goga a cikin kumatunka, ka aika, bayan 'yan makonni sakamako ya fito. Taswirar nan mai launi da ke cewa kashi kaza naka daga yanki kaza yake, ƙiyasi ce, kamfanonin ma suna sabunta ta lokaci zuwa lokaci, mu bar ta. Jerin sunayen nan shi ne maganarmu.

[A matso da lambar: 1,750 cM]

Kun ga wannan cM ɗin? Santimogan ke nan, ma'aunin yawan DNA ɗin da kai da mutumin kuka yi tarayya a kai. Na'ura wannan kaɗai ta auna. Ba ta san kakarka ba, ba ta san wa ya auri wa ba, sunan dangantakar da ta rubuta a ƙasa hasashe ne ta yi daga lambar.

Bari mu bi a hankali. Rabin DNA ɗinka daga uwa, rabi daga uba, shi ya sa tsakanin ɗa da mahaifi lambar takan kai wajen 3,500, wannan babu ruɗani. Ruɗanin yana farawa ne a kashi 25 cikin ɗari, wato wajen 1,750 ɗin nan da kuke gani. Kakanka kashi 25 ne. Jikanka kashi 25 ne. Baffa, goggo, kawu, inna, matuƙar uwa ɗaya uba ɗaya suke da mahaifinka ko mahaifiyarka, su ma kashi 25. Wanda kuke uba ɗaya kawai ko uwa ɗaya kawai, shi ma kashi 25. Har ma idan wa da ƙani suka auri ya da ƙanwa, 'ya'yansu a tsakaninsu wajen kashi 25 za su nuna. Lamba ɗaya fa, amma ku dubi ƙofofin da ta buɗe.

[Zanen bishiyar dangi, akwatuna suna haske ɗaya bayan ɗaya]

Sauko ƙasa kuma, kashi 12.5, wajen 850 zuwa 900. Nan ne 'ya'yan wa da ƙani suke, amma nan ɗin dai ƙanin kakanka yake, nan mahaifin kakanka yake, nan kuma baffan da suke uba ɗaya kawai da mahaifinka yake, to ka ga idan shafin ya rubuta maka abu ɗaya ka ɗauka ka tafi da shi, kana iya ɗaukar wanda ya kamata ka ce wa baffa ka maida shi tsaranka.

Kuma lambobin nan matsakaici ne, ba sa zuwa daidai cif. Kamar ka zuba duwatsun wuya kala huɗu a jaka ka girgiza ka ɗebo cikin hannu, ba lallai kowace kala ta zo daidai da 'yar'uwarta ba. Haka gadon kakanni huɗu yake, wani ka ɗebi nasa da yawa, wani kaɗan, ƙaninka kuma nasa ɗibin daban. Sannan a dangin da aka daɗe ana aure a tsakanin juna, lambar kumbura take yi, don ta hanya biyu ko uku kuka haɗu, sai na nesa ya fito kamar na kusa.

Ga ɗaya gefen da mutane ba sa sani. Waɗanda kakanninku ne wa da ƙani, kuna tarayya a wajen kashi 3. Ƙara hawa ɗaya, ya faɗi ƙasa da kashi 1, kuma a nan kusan ɗaya cikin goma ba zai fito a jerinka ba sam, alhali ɗan'uwanka ne na gaskiya. Ƙara wani hawan, kusan rabinsu ba za su fito ba. Don haka don Allah kar ka kalli wanda tsofaffi suka ce danginku ne ka ce masa ai gwaji bai nuna ka ba.

[Takardun haihuwa, tsohon hoto, dattijuwa tana magana, waya a gabanta tana naɗar murya]

To ya za a warware? Duba shekarunsa, wanda ya girme ka da shekara biyar ba kakanka ba ne, ka rufe ƙofa ɗaya. Duba mutanen da suka fito a jerinka da nasa duka, su za su nuna maka ta wajen uwa ne ko ta wajen uba. In akwai dattijo a gida da ya yarda, a yi masa gwajin, shi ya fi ka kusa da tushen. Sai takardu, na haihuwa, na aure, na ƙidaya, FamilySearch, shafin intanet na binciken tarihin dangi, kyauta ne. Sunaye kuma ka gwada rubuta su ta hanyoyi daban-daban, don magatakarda yadda ya ji yake rubutawa. Ni dai a ganina zama ɗaya da tsohuwa mai tuna abu ya fi sati guda a intanet, ku naɗi muryarsu tun suna nan.

[Yatsu suna rubuta saƙo, a goge, a sake]

Saƙon farko ya zama gajere: ga sunana, ga lambar da muka haɗu a kai, ga sunayen kakannina, ko akwai wanda ka sani a ciki? Shi ke nan. Kar ka fara da ni ɗan mahaifinka ne, mutumin nan wataƙila kyautar gwajin aka ba shi, ya yi don ya ga taswira kawai. In bai amsa ba kar ka bi shi Facebook kana ƙwanƙwasa wa matarsa da 'ya'yansa, ba shi lokaci.

[Mutum biyu a teburi, tsofaffin hotuna biyu a jere]

In ya amsa, ku fara da kiran bidiyo, sannan haɗuwa a wurin da jama'a suke, kowa ya zo da wani nasa in yana so. Maganar kuɗi in ta shigo tun kafin a gama gaisawa, ja da baya. Ku zo da hotuna. Za ku ga ana ɗora yatsa a kan hoto ana cewa dubi kunnen nan, dubi wushiryar nan, irin ta kakanmu ce sak, ana dariya ana share hawaye, kuma wallahi abin yana da daɗi, sai dai kama ba ita ce hujja ba, hujjar ita ce aikin da kuka yi kafin ku zo.

Kafin ka ɗora hotonku ka rubuta na gano ɗan'uwana, tambaye shi tukuna, don yana iya yiwuwa bai ma faɗa wa mahaifiyarsa ba.