Kare a Gidan Abinci da Kasuwa: Ina Iyakarsa?

Assalamu alaikum masu kallo. A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe ana jayayya kan ko ya dace mutum ya shiga gidan abinci da karensa. A Faransa mai gidan abinci ne ke da ikon yarda ko ƙi, sai dai dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta hana dabbobin gida kaiwa inda ake girki, a Amurka kuma dokar 1990 ta tilasta a bar karen da aka horar don taimakon makaho ko wani mai naƙasa ya shiga tare da ubangidansa. Karen da suke magana a kansa yana da igiya a wuya, yana da takardar rigakafi, an kuma san mai shi. A Garwa ko Marwa ko Kusiri da ke arewacin Kamaru, ko Injamena babban birnin Cadi kuwa, da wuya ka ga wanda ya jawo kare zuwa wurin cin abinci. Karen ne ke kawo kansa bayan sallar isha'i, ya kwanta a ƙarƙashin benci kusa da tukubar mai tsire, yana jiran a jefo ƙashi, kuma idan ka tambayi na wane ne, kowa zai ce bai sani ba. Wannan karen ne ya kamata mu yi magana a kansa.

Mutane da yawa suna cewa addini ya riga ya rufe zancen tunda kare najasa ne, alhali a mazhabar Malikiyya, wadda galibin musulmin wannan yanki ke bi, kare mai rai tsarkakakke ne har da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarnin hadisi ne don bauta. Shafi'awa ne suka ɗauke shi najasa mai kauri. Hadisi ya halatta ajiye shi don farauta da kiwo da tsaron gona, ya kuma yi gargaɗin raguwar lada ga wanda ya ajiye shi ba da wata bukata ba. Karen makiyayi da na mafarauci suna da aikinsu, amma babu ɗaya daga cikin ayyukan nan da ake yi a gaban akushin mutane.

Hujja mafi nauyi ta lafiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamunsa sun bayyana, kusan babu mai tashi. Ta cizo ko yakushi cutar ke shiga, don haka hatsarin da ke wurin mai abinci shi ne yaron da zai miƙa hannu ga kare yana tsakiyar gwigwiyar ƙashi. Injamena ta gwada maganin abin. A 2012 da 2013 an bi unguwanni ana yi wa karnuka allura kyauta har aka kai kusan kashi 70 cikin ɗari, wanda shi ne mizanin da ke katse yaɗuwar cutar, ta kuwa lafa na watanni, kafin ta dawo ta hanyar karnukan da suka shigo daga wajen gari.

Akwai kuma kurkunu, wanda maganarsa ta fi shafar masu sayar da kifi a bakin kogunan Shari da Logon. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke fama da shi a duniya, a 2023 kuwa ba su kai 20 ba, amma tun 2012 aka fara ganinsa a jikin karnukan Cadi, har a 2019 aka ƙirga kusan 2,000 masu ɗauke da shi, ya kuma ɓulla a karnukan yankin Gere da ke Arewa Mai Nisa a Kamaru. Masana suna zargin ɗanyen kayan cikin kifi da ake watsarwa a bayan rumfa. Kare ya ci, bayan kamar shekara guda tsutsar ta huda ƙafarsa, ya shiga tafki don jin sanyi, ya gurɓata ruwan da mutane ke ɗiba. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke roƙon a binne kayan cikin kifi ko a ƙone su, a kuma ɗaure karnuka a lokacin da tsutsar ke fitowa. Mai soya kifin da ke jefa wa kare hanji don tausayi ba ta san abin da take rainon ba.

A ganinmu, kare ba shi da gurbi a inda ake girki ko cin abinci, haka nan kwata da rumfar mahauta, kuma nauyin hana shi yana kan mai wurin, wanda ya kamata ya rufe shararsa ya daina watsa ƙashi a ƙasa. Togaciya ɗaya ita ce horarren karen da ke yi wa makaho jagora, idan an samu, domin korarsa korar mai shi ce. A titi da filin kasuwa kuwa, hanawa gaba ɗaya ba za ta yiwu ba, abin da hukumar gari za ta iya nema shi ne igiya da shaidar allura daga likitan dabbobi. Zuba guba da akan yi bayan an ciji wani ba ya kawar da cutar, domin yakan haɗa har da karnukan da aka yi wa allura, sannan wasu sababbi su maye gurbinsu.

Idan kuwa aka yi cizo, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, kada a tsaya shafa barkono ko toka, sannan a kai mutumin asibiti a ranar don a fara masa allura, ko da raunin bai wuce ƙarzuwa ba.