Jawabin Maraba Ga Mai Girma Farfesa, Daga Hausawan Gaɓar Kogin Rahad, Jihar Gadarif, Sudan

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Farfesa, babban baƙonmu, ranka ya daɗe. Shehunnan ƙauyuka, limamai, iyayenmu da ƙannenmu. Lale marhabin, sannu da hanya, sannu da ƙura. Ba sai mun tsaya jera karatunka ba, wanda ya shekara da shekaru yana yaye likitocin dabbobi a Najeriya ya wuce yabon irinmu. To tun shayi bai huce ba bari mu faɗi abin da ya tara mu: madubin likita muke roƙo, maikiroskof guda ɗaya tak, da yaranmu biyu da za a koya wa aiki da shi, don gano ciwon fatar karnuka da kyanwoyinmu.

Mu da kake gani jikokin waɗanda suka ƙi zama ƙarƙashin Nasara ne. Da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas, garin da ya kafa kusa da Sinnar har gobe sunansa yake amsawa. Wasu kakannin namu kuma hajji suka nufa a ƙafa, guzuri ya ƙare suka tsaya noma, har yau ana kan noman. Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, hannun wa ya tsinci audugar? Riɗi da dawar da Gadarif ke taƙama da su, kifin Rahad, albasar bakin ruwa, duk da gumin Bahaushe a ciki, amma da an zo rabon asibiti ko takardar jinsiyya, wato ta zama ɗan ƙasa, sai a tuna mu Takari ne a ce kawo shaidar kakan kakanka.

Wataƙila ka ce ga yaƙi tun Afrilun 2023, kwamiti ya rasa abin roƙo sai na kare da kyanwa? Mu ma sai da muka yi gardama a kai. Amma kare ne ke kwana a gona yana korar biri, shi ke tsare garke daga kura, kyanwa ce ke gadin rumbu, kuma ita ce yaranmu ke kwana rungume da ita.

Damuwarmu ita ce a nan duk dabbar da gashinta ya zube sunan ciwonta ɗaya, ƙazuwa, magani ma ɗaya: baƙin mai ko gaɗaran, kwaltar nan da ake shafa wa raƙuma, in mutum ya ji kuɗi ya sayo aibamektin na shanu ya ɗirka da ka. Alhali kai ka fi mu sani, akwai ƙazuwar da ƙwaronta ke tone fata tana sa susa ba dare ba rana har ta kama mai karen, akwai ta Demodex da ke ɓuya a gindin gashi wadda ba ta kama mutum kuma sai an kankari fatar har jini ya ɗan fito kafin a gan ta. Akwai makero da kyanwa ke ɗauke da shi ba alama a jikinta amma kan yara ya cika da tabo zagaye-zagaye. Akwai kumburi mai ɗan rami a tsakiya, ashe tsutsar ƙuda ce a ciki, baselin kawai za a toshe ramin da shi a matse ta fito. Sannan ga wanda jiki ke yaƙar fatar kansa, femfigus, ɓamɓaroki a hanci da kunne da tafin ƙafa, shi kuma kotizon yake so, wanda in ka ba mai Demodex ko makero ka ƙara wa wuta fetur. Ido ba ya raba waɗannan, ranka ya daɗe, madubi ke rabawa. Kyanwoyi kuwa Allah kaɗai ya san nawa suka mutu da farmetirin, maganin ƙwarin jikin kare, da aka zuba musu, ko gaɗaran da suka lashe a jikinsu.

Wanda ke hana mu barci shi ne karen da gashi ke zube masa a kewayen ido, fata na fidda amosani, bakin kunne ya yi gyambo, farata su yi zaƙo-zaƙo, yana ci yana ramewa, wani har haɓo. Alamun Leishmania kenan, dangin ƙwayar kala-azar, kuma ba sai an gaya wa ɗan Gadarif mene ne kala-azar ba, mun san zazzaɓin da ba ya sauka da saifa a kumbure da allurar kwana 17. Ɗan mitsitsin ƙwaron da ke yaɗa ta a baƙar ƙasarmu mai tsagewa yake, cikin itatuwan aduwa da talha, ya fi yawa a bazara kafin ruwa ya sauka. Masu bincike sun samu ƙwayar a jikin karnuka a Barbar al-Fugara nan jiharmu. Uba ya ga kare haka a tsakar gidansa ga yara na wasa, me zai yi? Ko ya kashe karen da wataƙila ƙazuwa ce kawai ke damunsa, ko ya zuba ido. Da can a kan tura samfur Khartum, yanzu wa zai kai wa zai dawo da amsa?

Muna kuma son abin wuyan karen nan mai maganin deltametirin da ke korar ƙwaron, da takarda cikin Hausa da Larabci mai nuna maganin da bai kamata ya taɓa kyanwa ba. In babu hali waɗannan su jira.

Madubin ne ba zai jira ba. Ɗaki mun gyara, sola mun haɗa kuɗinta, yaran biyu mace da namiji sun gama sakandare ga su can tsaye bakin ƙofa. Gilasai da reza da ruwan rini mu za mu riƙa saya. Ko tsoho ne wanda ɗalibanka suka gaji da shi muna so, dan Allah Farfesa kar ka shiga mota ba ka ce mana komai a kansa ba.

Allah ya ja zamaninka, ya maida kai gida lafiya, ka gaida mana mutanen Sakkwato da Kano.

A madadin kwamitin tarba.