Hirar Bakin Shago: Kawu ya yaye kwano, sammaci ya biyo baya

Rabi: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Barista, matso kusa, muryarka ba ta shiga sosai.

Barista: Tawa muryar? A kotu roƙona ake in sassauta.

Rabi: To yau dai babu dogon sharhi. Tunda Nura ya yi suɓul da baka wancan makon kan rikicin Kawunsa da ɗan hayarsa, saƙonni suka hana wayata sakat. Masu gidaje na cewa an zalunce su, 'yan haya na cewa Allah ya ƙara. Nura, ƙarasa mana labarin Kawu.

Nura: Anti, ki rufa min asiri, yana jin shirin nan. Ɗan hayan dai shekara 2 bai ba Kawu ko sisi ba. Kullum "Alhaji, ana nan ana ƙoƙari." Ranar Asabar Kawu ya ɗauko kafinta, aka yaye kwano 6 daga kan ɗakin, aka ɓalle ƙyauren banɗaki aka tafi da shi. Da daddare hadari ya haɗu.

Rabi: Innalillahi! Da yara a ciki?

Nura: Su uku. Katifa, talabijin, rabin buhun shinkafa, duk sun sha ruwa. Yanzu Kawu ne ke yawo da sammaci a aljihu.

Barista: Ka gani ko? Mai bin bashi ya koma wanda ake bi. Abin da ke kai masu gida ƙasa kalma ɗaya ce, "ai gidana ne." Gidanka ne, babu mai ja. Amma daga ranar da ka karɓi kuɗi ka miƙa makulli, zaman ciki haƙƙin ɗan haya ne, kuma kotu kaɗai ke iya ƙwace shi. Yaye kwano, yanke wuta, sauya kwaɗo, turo 'yan daba, duk ɗaukar doka a hannu ne. Gwamnati ma ba a ƙyale ta ba. A 1986 Kotun Ƙoli ta yi wa gwamnatin soja ta Legas kaca-kaca saboda ta tura jami'ai da makamai sun fitar da Ojukwu, tsohon jagoran Biyafara, daga wani gida a Ikoyi alhali magana tana gaban kotu. In gwamna mai bindiga bai sha ba, Kawu da kafintansa ne za su sha?

Nura: To da ya kai shi wajen 'yan sanda fa?

Barista: Wannan ma ɓata kuɗin mota ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. Bashin haya ba laifin da ake tsare mutum ba ne. Hanyar guda ce, kuma ba ta da wuyar ganewa. Da farko a duba takardar yarjejeniya, in akwai, domin abin da kuka rubuta shi ke gaba da komai. In babu, sai a koma ga doka. A Abuja, mai biya mako-mako notis ɗin tashi na mako 1 ne, mai biya wata-wata wata 1, mai biya duk wata 3 a ba shi wata 3, mai biyan shekara kuma wata 6. Jihohi kowacce da dokarta, amma yawanci a kan wannan tsarin suke. Wa'adi ya cika bai tashi ba, sai takarda ta biyu, ta kwana 7, wadda ke cewa mai gida zai garzaya kotu. Sai bayan nan a shigar da ƙara. In alƙali ya yanke, ma'aikatan kotu ne ke zuwa su fitar da kaya, ba kai ba.

Rabi: Wata 6 ga mutumin da ya ci shekara 2 a ɓagas? Haba Barista, wannan ai ƙarin goro ne.

Barista: Anti Rabi, wa ya ce Kawu ya jira shekara 2? Kunya ce ta cinye shi. Suna sahu ɗaya a masallaci, matansu na biki tare, sai ya ga rubuta takarda kamar cin fuska ne. Da ya ba da notis tun watan da mutumin ya fara "ana ƙoƙari", da yanzu wani ne a ɗakin. Kuma watannin da ya zauna bayan wa'adi ba kyauta ba ne, ana haɗa su a cikin ƙarar a nemi kuɗinsu tare da tsohon bashi.

Nura: Ni fa abin da ya tunzura Kawu ba kuɗin ba ne. Ragon ne.

Rabi: Wane rago?

Nura: Mutumin ya sayo ragon layya, Anti. Balami, fari sol, ƙaho ya nannaɗe. Ya ɗaure shi a tsakar gida, a gindin zogalen Kawu.

Rabi: Kai! Mai bashin shekara 2?

Nura: Kuma ragon ya cinye zogalen tas.

Barista: To ka ga an samu ɗan haya na biyu wanda ba ya cikin yarjejeniya.

Rabi: Shi notis ɗinsa na kwana nawa ne, ranka ya daɗe?

Barista: Shi wa'adinsa a rubuce yake, safiyar Sallah bayan an sauko daga idi. Ba ɗaukaka ƙara.

Nura: Wallahi shi kaɗai ne a gidan ya tashi a kan lokaci.

Rabi: An dai kai wa Kawu cinya?

Nura: An kai. A kwanon samira, har da murfi. Ya ce a mayar.

Barista: Da ya karɓa ya rubuta rasit, "an rage daga bashi, cinya 1."

Rabi: Cinyar balami a tsadar nan ai ta biya wata guda.

Nura: Har kai da ƙafa in an haɗa, wata 2.

Rabi: Kun ga mun bar mutane suna jira. Barista, wata baiwar Allah daga Kaduna ta rubuto, gidan marayu take riƙo, ta ce dillalin da ke karɓar mata haya ne ya rubuta notis, aka je kotu aka yi watsi da shi.

Barista: Wannan kullum sai mun gani. Nan ne kuɗin lauya ke da rana. Wanda zai sa hannu a madadin mai gida, dillali ne ko lauya, ya kamata ya riƙe izini a rubuce daga mai gidan, musamman a takardar kwana 7. Sai lissafin kwana: in ka ba mai shekara wata 5 da 'yan kwanaki, lauyansa zai tsaya a nan ya kafe. Sai shaidar miƙawa. Ba a cewa "na ba yaronsa a ƙofar gida." A sa ya sa hannu a kwafi, in ya ƙi a tafi da shaida, a ɗauki hoto. Ko da yake a 2021 Kotun Ƙoli, a shari'ar kamfanin Pillars da iyalan Desbordes, ta nuna cewa kuskure a notis ba zai zama mafakar ɗan haya har abada ba, tunda sammacin kansa ya isa sanarwa. Lauyoyi har yau suna gardama kan iyakar wannan magana. Ni dai ba na son a kai ni can. Shari'ar nan tun 1993 aka fara ta.

Nura: Shekara 28! Ragon da jikokinsa duk an cinye.

Rabi: Nura, don Allah. Amma Barista, ba dole sai kotu ba ai. Mu a unguwarmu mai unguwa ke kashe irin wannan, wani lokaci Hisba.

Barista: Ina goyon baya ɗari bisa ɗari, kuma ya fi sauri. Sau da yawa ina ba mai gida shawara ya yafe wata 3 ko 4 a ba shi makullinsa lafiya, ya fi masa shekara yana zirga-zirga. Sharaɗina ɗaya: abin da aka sasanta a rubuta, da ranar tashi, kowa ya sa hannu. Kuma notis ya ci gaba da tafiya ana sulhun, kada a ce an fasa.

Rabi: Saura masu shaguna, mun yi musu alkawari. Minti 2 ya rage.

Barista: Shago ai ya fi gida zafi. Ka garƙame wa ɗan Kantin Kwari shago ana saura mako 2 Sallah, ba kuɗin kaya kaɗai zai nema ba, har cinikin da ya rasa sai ya lissafa maka. Ga haya a kan haya, ka ba mutum ɗaya ka dawo ka tarar da uku, kowa da teburinsa. In yarjejeniyar ta shekara ƙayyadaddiya ce, misali shekara 3 daga rana kaza zuwa rana kaza, ranar na cika ta mutu da kanta, takardar kwana 7 kawai ake bukata. Amma wanda ya zuba tayil ya sa gilashi da kuɗinsa...

Nura: Barista, Kawu ne ke kira. Wallahi shi ne.

Rabi: Kada ka ɗauka a nan! Jama'a, maganar shaguna sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Barista: Ce masa ya fara mayar da kwanon nan kafin ranar zaman kotu. Da ƙyauren.