Benci Ba Ya Koya Wa Yaro Ƙwallo

Assalamu alaikum. Iyaye, masu horarwa, da ku yaranmu da kuka taru a can baya, sannunku da zuwa. Ku matso gaba mana, yau babu wanda zai zauna a benci. (dariya)

An ce in yi magana a kan matasan 'yan ƙwallo da ke barin ƙungiyoyinsu, wasu saboda ba a sa su a wasa, wasu saboda rigimar kwantiragi. Abubuwa huɗu na rubuto: lokacin wasa, takardar kwantiragi, wakilai, wato dillalan 'yan wasa, sai kuma zaman aro, wato ƙungiya ta tura ɗan wasanta ya buga wa wata na ɗan lokaci. Bari mu fara da na farko.

Ku tuna ranar 31 ga Disamba, 2011. Manchester United ta karɓi baƙuncin Blackburn a Old Trafford, 'yan tsakiyarta kusan duk suna jinya. Akwai wani yaro ɗan shekara 18 a benci, ɗan wasan tsakiya ne na asali, sunansa Paul Pogba. Me kocin United, Alex Ferguson, ya yi? Ya ɗauko Rafael, wanda ɗan baya ne, ya haɗa shi da Park Ji-sung a tsakiyar fili. Aka ci United 3 da 2, yaron nan yana zaune yana kallo. Bayan kwanaki kaɗan kuma Paul Scholes, wanda ya riga ya yi ritaya, ya dawo ya ɗaura takalmi. To ku sa kanku a matsayin yaron. An rasa 'yan tsakiya an sa ɗan baya, an sake rasawa an kira wanda ya ajiye ƙwallo. Wane bayani kuma yake jira? Kwantiraginsa na ƙarewa a 2012 ya tafi Juventus, ya ci gasar Italiya sau huɗu a jere, a 2016 United ta biya kusan fam miliyan 89 ta dawo da shi.

Mutane suna son ba da wannan labari don su nuna asarar kuɗi. Ni ba kuɗin ne ya dame ni ba, mintocin ne. Tsakanin shekara 17 da 21, abin da yaro ya fi buƙata a duniyar ƙwallo shi ne minti, minti a cikin fili, wasan gaske mai maki uku. Atisaye yana gyara ƙafa, amma ba ya koya maka yadda za ka yi idan ka ba da ƙwallo a kuskure, dubban mutane suka yi maka ihu, kuma saura minti 70 a tashi. Ba ya koya maka yadda za ka yi da ɗan baya mai shekara 32 da ya taka maka ƙafa da gangan tun a taɓawar farko. Wannan sai a fili. Na ce sai a fili.

Na taɓa zama kusa da wani yaro da na sani, a wasan da aka ajiye shi a benci karo na bakwai a jere. Wajen minti na 60 koci ya ɗaga masa hannu, ya tashi yana ɗumama jiki a gefen layi, yana gudu yana dawowa, kowane juyi sai ya saci kallon koci. Minti na 75, yana nan. Minti na 88 ya cire rigar sama, ya gyara safa, ya tsaya kusa da mai ɗaga allon canji. Kafin ƙwallo ta fita waje alƙalin wasa ya busa tashi. Yaron nan ya mayar da rigarsa bai ce uffan ba. A hanyar komawa ya ce mini, "Malam, ni fa ko zagina ne a yi, amma a zage ni a cikin fili." Har yau maganar nan tana raina.

Shi ya sa ba na saurin kiran yaro mara haƙuri. Dubi Jadon Sancho: 2017, yana ɗan shekara 17, ya bar Manchester City ya tafi Borussia Dortmund ta Jamus a kan kuɗin da bai wuce fam miliyan 8 ba, don ya ga layin da ke gabansa ya yi tsawo. A Jamus aka ba shi fili, a 2021 aka sayar da shi fam miliyan 73. Kevin De Bruyne wasa uku kacal ya buga wa Chelsea a gasar Firimiya kafin ya tattara ya tafi Wolfsburg a Janairun 2014. Cole Palmer ya bar City a 2023, a kakarsa ta farko a Chelsea ya zura ƙwallo 22 a Firimiya. Victor Osimhen ma, bayan ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015, ya je Wolfsburg bai ci ko ɗaya ba. Sai da ya sauka ƙasa, ya tafi aro Charleroi ta Beljiyam a 2018, ƙungiyar da ba ta kai waccan suna ba, sannan raga ta fara amsa masa. Daga nan Lille, daga nan Napoli.

Na ga mai kula da lokaci yana nuna mini agogo. Yi haƙuri ɗan'uwa, bari in ƙara ɗaya, don kada yaran nan su fita su ce Malam ya ce kowa ya tafi. Ban ce ba. Ilaix Moriba yana samun wasa a Barcelona yana ɗan shekara 18, koci Ronald Koeman yana sa shi. A 2021 aka kasa daidaitawa a kan albashin sabon kwantiragi, ƙungiya ta ajiye shi gefe, aka sayar da shi ga RB Leipzig. Can bai samu fili ba, wata biyar aka tura shi aro Valencia. Kun ga bambancin? Waɗancan sun tafi neman minti, shi kuwa ya bar minti a hannu. Kowa ya ƙi zaman benci ina bayansa, amma wanda ake sa shi a wasa ya tsaya ya yi tunani sau biyu.

To na biyu, kwantiragi. Har zuwa 1995, a Turai ko kwantiraginka ya ƙare ƙungiya tana iya riƙe ka sai an biya ta. Wani ɗan Beljiyam, Jean-Marc Bosman, shi ya kai ƙara bayan ƙungiyarsa ta Liège ta toshe masa hanyar zuwa Dunkerque, kotun Tarayyar Turai ta ba shi gaskiya a Disambar 1995. Abin da ya kamata ku riƙe daga dokar FIFA ta yanzu: kwantiragi ba ya wuce shekara 5, na wanda bai kai 18 ba kuma ba ya wuce shekara 3. Idan saura wata shida kwantiraginka ya ƙare, kana da damar sa hannu da wata ƙungiya. Tsallaka ƙasa kafin shekara 18 haramun ne sai da wasu 'yan dalilai. Wanda yake ganin takarda wasa ce ya tuna John Mikel Obi, da aka shafe fiye da shekara ana ja-in-ja a kansa tsakanin Lyn ta Norway, United da Chelsea, har sai da Chelsea ta biya fam miliyan 16 a 2006.

Na huɗu... a'a, na uku ke nan ko? Wakilai. A taƙaice, wakili yana samun kasonsa ne idan an yi ciniki ko an sabunta kwantiragi, don haka motsinka abincinsa ne. Akwai na kirki, amma ka tambaye shi tambaya ɗaya: a wurin da kake son kai ni, mutum nawa ne a gabana a lambata? Maganar aro kuma, FIFA ta rage yawan waɗanda ƙungiya za ta tura ƙasashen waje, tun 2024 shida ne, ban da wasu matasan da suka taso a hannun ƙungiyar. Kada ka yarda da aro sai ka yi magana da kocin can da bakinka.

Na'am Baba, bismillah, a miƙa masa abin magana.

(Wani dattijo: Malam, ɗana ana sa shi a wasa, amma wata uku ke nan ba a biya shi ba. Ya tattara kayansa ya dawo gida?)

A'a Baba, don Allah kada ya tattara kaya tukuna. Idan ya fita haka kawai, ƙungiya za ta rubuta cewa shi ya gudu, mai gaskiya ya koma mai laifi. Dokar FIFA ta ce idan an riƙe wa ɗan wasa albashin wata biyu, sai ya rubuta wa ƙungiya takarda, a rubuce fa, ba a waya ba, ya ba ta aƙalla kwana 15 ta biya. Idan wa'adi ya cika ba ta biya ba, yana da hujjar soke kwantiragi, ya kuma nemi haƙƙinsa. A cikin kwanakin nan ya ci gaba da zuwa atisaye, kada ya yi fashi ko na yini ɗaya. In ƙungiyar a wata ƙasa take, ƙarar tana iya zuwa FIFA. In a ƙasarsa ce, sai ya bi ta hukumar ƙwallon ƙasar da ƙungiyar 'yan wasa. Baba, kwafin kwantiragin yana hannunsa? Ba ya nan? To daga nan za mu fara. In an tashi ka tsaya, mu zauna mu rubuta takardar neman kwafin tare.