Amsoshin Tambayoyinku: Farin ganyen da ake ƙonawa don wanke gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu sun taru, lokaci kuma ƙalilan ne.

Wani ɗan makaranta daga Gusau yana tambaya ko Los Anjalas ne babban birnin jihar Kalifoniya. A'a ɗana, Sakaramento ne. Los Anjalas ta fi yawan jama'a ne kawai. Koma ka buɗe littafinka tun kafin malaminka ya ji.

To da ma Kalifoniyar za mu. Wata amarya daga Damagaram ta ce ta ga wasu mata a TikTok suna cinna wa ɗaurin busasshen ganye wuta, su zaga da hayaƙin ɗaki-ɗaki, wai yana korar mugun abu daga sabon gida. Tana son sanin mene ne, kuma ko ta saya. Irin wannan tambaya ta zo mana daga Kano da Kumasi ma, don haka za mu ɗan zauna a kanta.

Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Ganyen nan farin seji ake ce masa, masana tsirrai kuma Salvia apiana. Fari-fari ne kamar an barbaɗa masa toka, ga ƙamshi mai ƙarfi. A daji, a kudancin Kalifoniya da arewacin Baha Kalifoniya ta Meziko kaɗai yake fitowa. Masu shi na asali su ne ƙabilun wurin, irin su Chumash da Tongva da Kumeyaay, cikin mutanen da a da ake kira Jajayen Indiyawa. A al'adun 'yan asalin Amurka da dama, akan cinna bakin ganyen, a hure harshen wutar ya koma ci a hankali, a ɗora a ƙwanson wata dabbar teku, a riƙa kaɗa hayaƙin da gashin tsuntsu ana addu'a. Ku ji da kyau, ana addu'a. A wurinsu ibada ce. Zan maimaita, ibada ce, ba turaren ɗaki ba.

Kuma sun sha wuya a kanta. Tun 1883 gwamnatin Amurka ta kafa dokokin da suka haramta musu bukukuwan addininsu, sai a 1978 aka yi dokar da ta amince da 'yancinsu na yin ibadarsu. Yau abin da aka hukunta kakanninsu a kan irinsa ya zama hajar kanti. A 2018 kantin kayan kwalliya na Sephora ya yi shirin sayar da wani akwati mai ɗauke da ganyen, aka yi masa ca, aka janye. A shekarar kuma aka kama mutum 4 da kusan kilo 180 na ganyen da suka yanko ba izini a gandun dajin Etiwanda da ke kudancin Kalifoniya. Ni dai wannan yana sosa mini rai.

Likitan ƙirji yana tare da mu. Likita, hayaƙin nan yana tsabtace iskar ɗaki?

"To Hajiya, ai hayaƙi hayaƙi ne. Ni a gidan da na tashi, murhu a cikin ɗaki yake da damina, kakata ta tsufa da tarin da ba ya jin magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki a cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 a shekara. Kuma matanmu, a yi haƙuri, sai a rufe ƙofa da taga a zuba turaren wuta a kasko, ga jariri kwance. Mai asma kuwa..."

Likita, ganyen fa?

"Shi ma haka. Duk abin da ya ƙone yana fitar da ƙananan ɓurɓushi da ke shiga can cikin huhu. A buɗe taga, a fitar da yara."

Mun gode Likita. Bari in cike. Masu tallar ganyen suna yawan cewa bincike ya nuna yana kashe kashi 94 cikin 100 na ƙwayoyin cutar da ke iska. Binciken yana nan, an buga shi a 2007, amma a Indiya aka yi shi, kuma haɗin itace da saiwoyin da Hindu ke ƙonawa a ibadarsu aka gwada. Babu farin seji a ciki. Babu shi ko kaɗan.

Don haka amarya, in ƙamshi kike so, kaskonki da garwashi da turaren Maiduguri, mai kajiji da sandal, sun ishe ki, da taga a buɗe kamar yadda Likita ya ce. In kuwa tsari kike nema, ke da kika ce jiya-jiya aka yi walimar saukarki, haba ƙanwata! Hadisi ne a Sahihu Muslim cewa Shaiɗan yana gudu daga gidan da ake karanta Suratul Baƙara. Hukuncin ƙona ganye da wannan niyya kuma ki kai wa malaminki. A ra'ayina, kada ki ɗauki ibadar wasu daga bidiyon daƙiƙa 30 ki shigar ɗakinki. 'Yan Kano da Kumasi, amsarku ke nan ku ma.

Ana ɗaga mini hannu, saura ɗaya. Wata mai sayar da abinci daga Yamai tana tambaya ko shi ne sejin da take gani a littattafan girkin Turawa. A'a Hajiya, dangi ne dai. Na girki Salvia officinalis ne, asalinsa ƙasashen bakin Bahar Rum, ana sa shi a nama.

Mai tambaya kan kuɗin makaranta daga Marwa, wasiƙarka na hannuna, da ita za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.