Amsoshin Tambayoyinku: Zaman Wata da Watanni a Tsibiri

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako sun taru ne a kan zaman tsibiri a yankunan zafi, zama mai tsawo na aiki ko karatu ko aure, wanda mutum zai kwashe wata da watanni. Tare da ni akwai wani dattijon injiniyan ruwa da ya daɗe yana aiki a tsibiran Tekun Indiya, ga kuma likitarmu da kuka saba ji. Ranka ya daɗe Injiniya, Likita, barkanku da zuwa.

Injiniya: Barka kadai.

Likita: Yauwa, barkanmu.

Mai gabatarwa: Wasiƙu da yawa, lokaci kaɗan, sai mu fara. Wata ɗaliba na tambaya ko gaskiya ne a can rana ba ta sauya lokacin faɗuwa. Kusan haka ne, 'yar'uwa. Tsibirin da ke kusa da layin Ikwaita, wato layin da ya raba duniya biyu arewa da kudu, dare da rana kowanne wajen awa 12 ne duk shekara, kuma da rana ta faɗi duhu ba ya jira, saboda haka abin da za ki yi a waje ki yi shi da wuri.

Sai wani matashi da ya ce shi dai in ya samu ya isa, zai shimfiɗa tabarma ƙarƙashin bishiyar kwakwa, ya ci kifi, ya sha iska, ba ruwansa da kowa. Kai samari, Allah ya shirye ka! Da farko dai ɗauke tabarmar nan daga gindin kwakwa, domin in ɗaya ta faɗo daga can sama ba wasa ba ne. Na biyu, kwakwa da kifi ba su riƙe gida. A ƙananan tsibirai shinkafa da fulawa da man fetur da siminti da magunguna galibi jirgin ruwa ke kawo su. Ranar da teku ta yi fushi jirgi bai iso ba, sai ka ga kantuna sun fara yin fayau. Mazauna wurin sun san ranar zuwan jirgi, a kanta suke tsara cefanensu. Kai ma haka za ka koya.

To yanzu ga tambayar da ta fi yawa. Mutane da dama sun aiko ta, kowa da irin lafazinsa, amma wani magidanci da aka tura aiki na shekara guda ya fi kowa fito da ita fili. Ya ce: “An ce mini in yi tanadin ruwan sha. Yaya mutum zai zauna a tsakiyar ruwa kuma a ce ruwa zai yi masa wuya?” Injiniya, wannan taka ce.

Injiniya: To, madalla. Ai wannan bawan Allah ya taɓo inda yake yi wa kowa ƙaiƙayi. Ruwan teku, kowace lita ɗaya tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Ba ya shawuwa, ba ya yin girki, sabulu ma ba ya kumfa a cikinsa yadda ya kamata. Saboda haka ruwan da mutum zai sha a tsibiri hanyarsa uku ce. Ko na sama da aka tara, ko na rijiya, ko kuma na injin da ke cire gishiri daga ruwan teku. Manyan tsibirai masu duwatsu da ƙoramu, irin su Moritus, su nasu da sauƙi. Inda abin yake da wuya shi ne ƙananan tsibiran murjani masu kwance, irin na ƙasar Maldibi. Tsibirai ne kusan 1,200, kuma a matsakaici tsayinsu daga saman teku bai wuce mita ɗaya da rabi ba. Babu kogi ko ɗaya.

Mai gabatarwa: To rijiyar daga ina take samun ruwa?

Injiniya: Yauwa. Ruwan sama in ya sauka yashi ya shanye shi, sai ya je ya kwanta a kan ruwan gishirin da ke ƙasa, kamar yadda mai ke kwanciya a saman ruwa, domin ruwan daɗi bai kai na gishiri nauyi ba. To shi wannan ɗan abin da ya kwanta, shi rijiya ke ɗiba. In ka sa famfo mai ƙarfi kana zuƙa ba ji ba gani, sai na gishirin ya taso daga ƙasa, rijiya ta koma zartsi. Kuma in ta koma, sai an yi damina mai kyau kafin ta dawo. Na ga gidan da baƙo ya shigo ya kafa injin zuƙa don ya riƙa wanka sau uku a rana, kafin wata biyu rijiyarsa da ta maƙwabcinsa duk sun lalace. Maƙwabcin nan dattijo ne, ya ɗebo ruwan a kofi ya miƙa masa ya ce ɗanɗana, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Bayan haka kuma yashi ba ya tace ƙazanta sosai, in ramin masai yana kusa da rijiya to sai a yi hattara. Lokacin igiyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004, ruwan teku ya bi ta kan tsibirai da yawa a can ya ɓata rijiyoyi. Tun daga nan aka ƙara dagewa wajen raba tankuna, kuma ni a ganina tankin roba ya fi na siminti sauƙin wankewa, ko da yake na simintin ya fi sanyaya ruwa, musamman in an...

Mai gabatarwa: Ranka ya daɗe, bari in tare ka nan kafin mu shiga gardamar tankuna. Shi mai tambaya, me zai yi a ranar da ya sauka?

Injiniya: Ya tambayi mai gida abu ɗaya kafin ya biya haya: ruwan gidan nan daga ina yake zuwa? In na sama ne, ya leƙa tankin da idonsa, ya duba murfi, ya duba indararo. Ruwan farko da ya sauka bayan an daɗe ba a yi ba, a bar shi ya zube, domin shi ne ke wanke ƙura da kashin tsuntsaye daga kwano. Lissafin kuma mai sauƙi ne: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na rufi tana ba da lita ɗaya. Rufi mai murabba'in mita 50, in aka yi ruwa milimita 20, ka samu wajen lita 1,000. In kuma na inji ne, kada ya saki jiki. A Disamba 2014 gobara ta tashi a ma'aikatar tace ruwa ta Male, babban birnin Maldibi, mutum fiye da 100,000 suka wayi gari famfo a bushe, sai da Indiya da Sri Lanka da Sin suka yi ta jigilar ruwa ta sama da ta teku.

Mai gabatarwa: To masu sauraro, bari in maimaita, domin wannan ta shafi kowa. Ka tambayi asalin ruwan gida kafin ka biya haya. Kada ka matsa wa rijiya. Ka ajiye ruwan sha na 'yan kwanaki a gefe, ko da famfo na zuba. Sannan akwai wata baiwar Allah da ta rubuto cewa in ruwa ya yi zartsi ai sai a tafasa. A'a, Hajiya. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire gishiri. Haka ne Injiniya?

Injiniya: Ƙara shi ma take yi, tunda ruwan ne ke tafiya a tururi, gishirin yana nan.

Mai gabatarwa: Kun ji ko. Tafasawa ba ta cire gishiri. Likita, ga taki. Wani mai sauraro ya ce ya ji an kawar da zazzaɓin cizon sauro a tsibirin da zai je, shin sai ya bar gidan sauro a gida?

Likita: To, gaskiya ne akwai tsibiran da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar sun rabu da maleriya. Maldibi a 2015, Sri Lanka a 2016, Kef Bad kuma a farkon 2024. Amma ni abin da ya fi damuna da masu dogon zama shi ne zazzaɓin dengi. Sauron da ke kawo shi daban ne, baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafafu, kuma da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma yamma lis. Ba ya neman kwata. Ruwa mai tsabta da ya kwanta yake so, a ɓawon kwakwa, a tsohuwar taya, a farantin da ke ƙarƙashin tukunyar fure, da irin tankin nan da Injiniya ya gama yabo in an bar shi a buɗe. Cikin mako guda zuwa kwana goma ƙwai ya zama sauro. Shi ya sa nake cewa a ware rana ɗaya a mako a zagaya gida a kifar da duk abin da ya tara ruwa. Kuma irin wannan sauron ne ke yaɗa cikungunya, wadda a tsibirin Riyuniyon tsakanin 2005 da 2006 ta kama kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen wurin. Ciwon gaɓoɓi ne da kan bi mutum watanni. Af, tunda ana maganar tsibiri, akwai kuma gubar da ake samu a manyan kifayen da ke kiwo a duwatsun murjani, irin su barakuda, wadda dafuwa ba ta kashe ta, wanda ya ci, in ya taɓa abu mai sanyi sai ya ji kamar ƙuna. A tambayi masuntan wurin wane kifi ne ba a ci, sun sani sarai.

Mai gabatarwa: Likita, gidan sauron fa? Ya tafi da shi ko ya bari?

Likita: Au, ya tafi da shi mana! Ko don barcin rana da na yara. Ya haɗa da man shafawa mai korar sauro. Abu mafi muhimmanci kuma, in zazzaɓi mai zafi ya rufe shi da ciwon kai ta bayan idanu, kada ya sha asfirin ko ibuprofen, domin suna iya jawo zubar jini in dengi ne. Farasitamol kawai, da ruwa da yawa, a nufi asibiti. Kuma tun yana lafiya ya binciki inda babban asibiti yake, domin a wasu wuraren sai an hau jirgin ruwa kafin a kai gare shi.

Mai gabatarwa: Na gode Likita. Wani ɗan'uwa na tambaya me ya sa ake cewa kayan mutum ba sa ƙarko a tsibiri. Injiniya, a taƙaice don Allah.

Injiniya: Gishiri da laima. Iskar teku na cin ƙarfe, kwaɗon ƙofa da zif ɗin jaka duk su yi tsatsa. Takalmin fata in ka kulle shi a akwati, ka buɗe ka tarar ya yi fumfuna. A riƙa shanya kaya, a bar iska na ratsa ɗaki. Amma ni wuta na fi ji. Zanzibar ta wayar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku take samun lantarki daga babban yankin Tanzaniya. Da layin ya lalace a Disamba 2009, sai Maris 2010 wuta ta dawo, kusan wata uku. Tsibiran Tonga kuma, can a Tekun Pasifik, a Janairun 2022 dutse mai aman wuta ya tsinka wayar intanet ɗinsu ta ƙarƙashin teku, suka yi wajen mako biyar a haka. Mutum ya riƙe fitilar sola da ɗan kuɗi a hannu.

Mai gabatarwa: Ga wata wasiƙa da ta taɓa ni. Wata amarya ce, ta bi mijinta wani ƙaramin tsibiri. Ta ce makon farko kamar a mafarki, amma yanzu ta zagaye wurin kaf, fuskokin nan dai su ne kullum, miji na wurin aiki, ita kuwa daga taga sai waya, har kuka take yi. Ƙanwata, sannu. Abin da kike ji ba baƙon abu ba ne, kuma ba butulci ba ne. Kewa ce, kuma tana kama maza da mata. Amma zan ɗan yi miki faɗa. A wasiƙar nan mai shafi biyu ban ga sunan maƙwabciya ko ɗaya ba. Ki fito. Ki koyi gaisuwar mutanen wurin da harshensu, ko da kalma biyar ce. Ki je bakin ruwa da sassafe lokacin da masunta ke dawowa, ki riƙa saye a hannun mutum ɗaya har ku saba. A ƙaramin wuri kowa na ganin kowa, wanda ya ƙi gaisuwa an san shi, wanda ya yi ma an san shi, kuma ranar da jirgi bai zo ba ko yaro ya kwana da zazzaɓi, ƙofar maƙwabta za ki buga. Shi kuma angon, in yana saurare, malam ba a kai 'yar mutane tsakiyar teku a bar ta da waya. Ka dawo gida da wuri, ka fita da ita.

Likita: In ƙara kaɗan. In abin ya kai ba ta barci, ba ta cin abinci, har sama da mako biyu, ta ga likita. Ba abin kunya ba ne.

Mai gabatarwa: Madalla. Saura minti ɗaya, ga guda biyu da sauri. Mai tambaya kan cika da janyewar teku: a yawancin wurare sau biyu take cika a rana, kuma kullum tana jinkiri da wajen minti 50, saboda haka hanyar da ka bi a busasshe jiya da ƙarfe goma, kada ka ɗauka yau ma haka take. Mai tambaya kan biza kuma, ka duba ranar ƙarewarta tun ranar da ka sauka. A Indunusiya, inda tsibirin Bali yake, duk kwana ɗaya da ka ƙara tarar rupiya miliyan ɗaya ce, a kuɗin ƙasar.

Wasiƙun da suka shafi lokacin guguwa da makarantar yara suna nan a ajiye, da su za mu buɗe mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Injiniya, Likita, mun gode ƙwarai. Masu sauraro, a ci gaba da aiko da tambayoyi. Sai an jima.